Hasumiyar da ta Kwanta a Kwatano

A tsohon garin Agadas ba a koya wa yaro sunan unguwarsu sai an koya masa ɗaga kai. Da ƙafarka ta fara fitar da kai ƙofar gida, wani babba zai kama haɓarka ya juya fuskarka wajen hasumiyar babban masallaci, ya ce ga ta nan, in ka ɓace ka nufe ta, ka zauna a gindinta, za a zo a ɗauke ka. Lungunanmu a murɗe suke, katangu duk jar ƙasa iri ɗaya, amma babu ginin da ya kamo tsawonta, ko daga ina ka ɗaga kai za ka gan ta da itatuwan nan da suka huhhudo daga jikinta. Dokar kuma rabi biyu ce. Rabi na biyu shi ne, in hadari ya taso ya rufe ta har ba ka ganinta, kada ka ƙara taku ɗaya, ka sami katanga ka jingina bayanka ka zauna. Ni Baba ne ya kama haɓata, da hannunsa mai ƙaurin gawayi.

Maƙerin azurfa ne Baba. Shekara da shekaru yana zaune a rumfarsa yana ƙera zobe da abin wuya, Nasara masu yawon buɗe ido suna zuwa suna tsugunawa a gabansa, su ɗauki hoton hannunsa, su sayi abu ɗaya, su kwana biyu su wuce. Da hanyoyi suka lalace suka daina zuwa, rumfar ta yi shiru, shi ma idonsa ya gaji da ƙananan zane. Wata rana muna shan shayi ya ce shi fa abu guda ne yake damunsa. Mutanen nan sun baro gidajensu sun zo kallon namu, kuma ya ga fuskokinsu, akwai wani daɗi da suke ji wanda shi bai san shi ba. Yana so ya je ya kalli garin wasu, ba fatauci ba, ba gaisuwar mutuwa ba, kallo kawai, kwana biyu ya dawo. Na ce masa wannan ai aikin wanda ya rasa abin yi ne. Ya ce to ai shi ne wanda ya rasa abin yin.

Ni ce 'yar farinsa, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce "ke". Ni ce kuma wadda ta ɗan taɓa lakkal, wato makarantar boko, har nake jin Faransanci, ga shi ina kai kayan fata kasuwanni, na san tasha. Rakiya ta faɗo kaina. Kowa a gidanmu ya san ba ni da haƙuri, kuma ba na ɓoyewa. Abin da ba su sani ba shi ne ni matsoraciya ce ta gaske, faɗan da nake yi yawancinsa tsoro ne yake fitowa ta baki.

Akwai kuma wani tsoro da ya fi nawa, wanda ba a faɗarsa a gidan. Baba yana da wa, muna ce masa Baba Babba. Da tsufa ya kama shi kansa ya fara rikicewa, ranar da abin ya bayyana kuwa an tsince shi ne a bayan kasuwar dabbobi da rana tsaka yana tambayar mutane ina aka kai hasumiya, alhali ga ta can tsaye kowa yana ganinta. Daga ranar 'ya'yansa suka sa wa ƙofar zaure kwaɗo. Shekara huɗu ya yi yana jijjiga ƙofar nan kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma Baba ne yake zuwa kullum ya zauna da shi. Ƙannena maza biyu tun daga lokacin suke sa wa Baba ido. In ya manta inda ya ajiye awartaki sai su kalli juna. Ya san suna kallonsa, ni ma na san ya sani.

Garin Tawa muka fara zuwa. Muna sauka daga kar, babbar motar fasinja, tun ban gama karɓar jakarmu ba, na ga Baba ya ɗaga kai yana juyawa a hankali. Ya nuna mini wani shato, tankin ruwan nan mai dogayen ƙafafu, ya ce ga hasumiyarmu ta nan garin, in mun rabu a gindinta za mu haɗu. Na yi dariya, amma raina ya kwanta. A Damagaram wani ƙaton dutse ya zaɓa, wanda ake hangowa daga Birni. Can ya tsaya ya fi rabin sa'a yana kallon zanen ƙofar wani gida, har matar gidan ta leƙo ta tambaye mu ko lafiya. A Yamai wani dogon bene ya zaɓa kusa da gada. Ni kuwa da muka hau gadar nan na ga ruwa ta hagu da dama, na runtse ido na kama hannun rigarsa, shi yana ta ce mini in buɗe in ga masu wanki. Kowane gari zai sayi abu ɗaya ƙarami, kamar yadda ya ga baƙinsa suna yi, mu kwana biyu mu juyo. Ba mu taɓa rabuwa ba ko sau ɗaya, shi ya sa ban taɓa tunanin dokar tana iya samun matsala ba.

Sai ya ce teku yake so ya gani.

Ƙannena suka ce a'a. Wata ƙasa ce, ba ya jin yarensu, Faransancinsa bai wuce na ciniki ba. Babban cikinsu ya ja ni gefe ya ce in wani abu ya faru, in ya ɓace ko da na sa'a guda ne, to tafiye-tafiye sun ƙare, fita ma ta ƙare, ba za su jira a tsinto shi a bayan kasuwa ba. Na zazzage masa, na ce ubana ba akuya ba ne da za a ɗaure, na rantse zan kai shi in dawo da shi ko ƙwarzane babu. Da na gama rantsuwar na shiga ɗaki na zauna da tsorona.

Lokacin ba a rufe gadar Gaya da ke kan iyaka ba. Kwana uku muka yi a hanya, muka sauka Kwatano a Zango, gidan wata 'yar Tawa da nake aika wa jakunkuna. Iskar garin ma ta ba ni tsoro, jiƙaƙƙiya ce, tana manne wa mutum a wuya. Ga 'yan kabu-kabu masu rigar rawaya, su can zem suke ce musu, sun cika gudron, wato titi, suna wucewa ta gabanka ta bayanka. Na karɓi katin shaidar Baba da salularsa na zuba a jakata don kada a yanke masa aljihu. Dabara nake ganin na yi.

Da safe mai masaukinmu ta sa mu a taksi ta tafi rumfarta. Tun kafin mu ga tekun muka ji shi, wani irin gurnani da ba ya tsayawa ya huta. Da muka fito daga cikin itatuwan kwakwa na gan shi, wallahi sai da na ja da baya. Ruwa ne ya tashi tsaye ya taho, ya faɗi, ya ja da baya yana jan rairayi, ya sake tasowa, kuma babu ɗaya gaɓar. Mai taksin ya riga ya gaya mana kada mu shiga ko zuwa gwiwa, yana janye mutum. Baba ya gyara amawalinsa, ya daɗe yana kallo. Daga baya ya ce ashe hamadar Tenere ma tana da 'yar'uwa.

Bai manta da aikinsa ba. Ya ɗaga kai ya juya, sai ga wani abu can wajen gabas, bayan rufin gidaje, dogo, ja, ya tsaya cak ya soki sama, ƙasansa da faɗi samansa siriri, har da wasu ƙarafa da suka fito a jikinsa. Baba ya ji daɗi, ya ce mutanen nan ma sun san abin da suke yi, ga hasumiyarsu. Na kalle ta na ce to. Ni da na yi lakkal, ni da nake taƙamar na san gari, ban tambayi kowa mece ce ba. A wurinmu abin da ya fi komai tsawo a gari ba ya motsi, ban taɓa jin inda aka yi wannan tambayar ba.

Muka zauna a gindin wata kwakwa. Ya ce baƙinsa suna cika buteli da rairayin hamada su tafi da shi, shi ma yana son ruwan teku a buteli. Na ce ya zauna nan kada ya motsa, na nufi wasu rumfuna da ke baya. Ina cikin neman butelin sai na ji ƙyas, na juya, wani mutum da na'urar hoto a wuya ya ɗauke ni ba sallama ba tambaya, wai zai wanko in saya. Nan fa na manta da uba, na manta da teku. Na ce ya goge, ya ce ai kyauta ce kallo, na ce uban wa ya ba shi fuskata, mutane suka taru, wata mai sayar da kwakwa tana ba ni haƙuri ina ƙara hawa. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Na dai ci nasara, ya goge, na dawo da butelina ina huci.

Gindin kwakwar babu kowa.

Na ce ko ba ita ba ce, don duk kamarsu ɗaya. Na duba ta gaba, na duba ta baya. Ga gurbin zamansa a rairayi, ga sawun takalminsa ya yi wajen wasu jiragen masunta da aka jawo tudu, daga nan ya shiga cikin sawun mutane ɗari. Abin da ya fara zuwa raina ruwan ne. Na gangara da gudu har kumfa ta taɓa ƙafata, ina duba kowane baƙin abu da igiyar ruwa ta ɗago. Na ga wani abu shuɗi yana juyawa, rawaninsa shuɗi ne, ashe leda ce. Na tambayi masunta, na kwatanta tsoho dogo mai rawani, suka girgiza kai. Wani ya ce da ya shiga ruwa da sun gani. Wani kuma ya ce ba kullum ake gani ba, da ma ya yi shiru.

Sai na tuna da doka. Na ce kai, ni ma dai, ai mun yi alkawari, yana can gindin hasumiya yana jirana. Har na ji sanyi a raina. Na juya gabas na ɗaga kai.

Babu ita. Ga rufin gidajen, ga kwakwa, ga sama fari fat, amma inda ta tsaya ɗazu babu komai. Na murza ido. Na juya yamma, na juya arewa, na dawo gabas. Ba zan ɓoye ba, a wannan lokacin ba Baba na tuna ba, Baba Babba na tuna a bayan kasuwar dabbobi, na ce shi ke nan, ashe ni abin zai kama. Na koma wajen mai kwakwar nan da ta ba ni haƙuri ɗazu, na tambaye ta da Faransanci ina doguwar hasumiya ja da ke can. Ta ce wace hasumiya. Na ji kaina ina maimaita tambayar da ƙarfi, mutane suna kallona irin kallon da na san ana yi wa wanda ya taɓu.

Allah ya yi wa matar nan albarka. Ta ɗaga hannunta sama a miƙe, ta sauke shi a hankali har ya kwanta, ta tambaye ni ko wannan nake nufi. Ta ce ba gini ba ne, injin ɗaga kaya ne na tashar jiragen ruwa. In babu jirgi yana ɗaga hannunsa sama, in jirgi ya shigo sai ya kwantar da shi a kan jirgin ya yi ta sauke kaya. Har tafiya yake yi a kan ƙarfe, yau yana nan gobe yana can. Na tsaya ina kallonta da buteli a hannu. Wato na bar ubana, ba kati, ba salula, ba yare, na ce ya same ni a gindin abin da yake kwanciya ya tashi.

Ni da na rantse ba zan hau zem ba, na hau. Ban ma ji tsoronsa ba, wani tsoron ya danne shi. Ya kai ni tashar jiragen, sai na tarar da katanga doguwa wadda ba ta da ƙarshe, da ƙaya ta ƙarfe a kanta, da kamiyo, manyan motocin kaya, jere a gefen hanya suna tafiya suna tsayawa, tayoyinsu sun kai ƙirjina. A ƙofa mai gadi ya ce ba mai shiga sai da takarda, kuma babu wani tsoho da ya zo. Na roƙe shi, na zage shi, na sake roƙonsa. Muka zaga wata ƙofar, haka. A hanya muka ga taro a tsakiyar gudron, an kewaye wani a kwance, na diro tun zem ɗin bai tsaya ba har na ƙuje gwiwa, na kutsa. Wani saurayi ne babur ya kayar, yana zaune yana riƙe da ƙafa. Na ce alhamdu lillahi a gabansa, kunyar wannan har yau tana kama ni.

Aka kira azahar daga wani masallaci da ban gani ba. Salula ta yi ƙara a jakata, ƙanena ne. Na kalle ta har ta katse. In na ɗauka zai ce a ba shi Baba su gaisa, in na faɗi gaskiya kuwa na san kwaɗon da za a saya, na san ƙofar da za a sa wa. Kuma duk wannan in an same shi ke nan. Na yi tunanin komisariya wurin 'yan sanda, na yi tunanin ɗakin ajiye gawa, na yi tunanin yadda zan shiga Agadas ni kaɗai da jakarsa a hannu. Na zauna a bakin wani kwalbati na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar Inna.

Hadari ya taso daga wajen teku, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Benayen da ke gabana suka dushe, ƙarafan tashar suka ɓace cikin ruwan. Ina kallon yadda komai yake ɓacewa sai rabi na biyu na dokar ya faɗo mini. In ba ka ganinta, kada ka ƙara taku ɗaya. Duk haukan da nake yi a ƙofofi banza ne, Baba bai iso nan ba. Inda yake lokacin da ta kwanta, nan yake har yanzu, in dai yana da rai, don shi ya koya mini, kuma bai taɓa koya mini abin da ba ya yi ba.

Na koma bakin teku, gindin kwakwar nan, na sallami mai zem. Na fuskanci inda na ga abin da safe, na fara tafiya da ƙafa yadda ɗan Agadas zai yi, in hanya ta karkata in bi ta, in ta ba ni dama in dawo kan saitina. Ba na kallon mutanen da ke tafiya, gindin katangu kawai nake dubawa. Zanena ya jiƙe ya manne, takalmina ɗaya ya tsinke na cire duka na riƙe. Na wuce wani gidan mai, na wuce wurin masu gyaran taya, na shiga wata hanya mai ramuka inda kamiyo suke kwana. Ruwa ya tsagaita, la'asar ta yi.

Daga nesa na hango wani mutum tsaye yana riƙe da yankin tanti a kan wani abu da ke gindin katangar wani sito. Abin ya yi ƙanƙanta, ban ɗauka mutum ba ne. Sai da na matso na ga shuɗin rawani.

Mai tantin shofer ne, direban kamiyo, mutumin Dogondutsi, yana jiran lodi. Ya ce tun hantsi ya ga tsohon nan ya taho kansa a sama, sai ya tsaya cak a tsakiyar hanya har wata mota ta kusa taka shi, sannan ya lallaɓa ya zauna a nan. Ya yi masa Hausa, ya kawo masa shayi, ya ce ya zo ya kai shi Zango wurin 'yan'uwa, ya ƙi. Ko cikin mota ya ƙi shiga da ruwa ya sauko. Abu ɗaya yake faɗa, za a zo a ɗauke shi. Azahar ma a zaune ya yi ta, da taimama a jikin katanga.

Na zo da faɗa cike da bakina. Na shirya in ce ba na ce kada ka motsa ba, ko da yake na gane daga baya fitsari ne ya kai shi bayan jiragen masunta, ya fito ta wani gefen ya rasa kwakwarmu. Amma da ya ɗago kai na fasa. Amawalinsa ya zame har ƙasan haɓa bai gyara ba. Tunda nake ban taɓa ganin bakin Baba a waje ba, a gaban baƙo. Bai yi murnar ganina ba, kallona kawai yake yi kamar mai jiran hukunci.

"Ke," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Ke ma kin ga ta kwanta?"

Sai a lokacin na gane abin da ya zauna da shi tun hantsi. Ba ɓata ba ne ya tsorata shi, ba motoci ba. Yana tafiya yana kallon hasumiya, a kan idonsa ta sunkuya ta kwanta. Ya san hasumiya ba ta kwanciya, ya kuma san wanda ya taɓa cewa ta ɓace, da abin da aka yi masa.

"Na gani, Baba," na ce. "Da idona na gani."

Ƙarya na yi, ina can ina faɗa da mai hoto. Shofer ɗin ya yi masa bayanin inji da jirgi, ni ma na ɗaga hannu na sauke kamar mai kwakwa. Baba ya gyaɗa kai ya ce to, to, madalla. Na san wannan to ɗin. Shi da kansa haka yake lallashin Baba Babba, ya san yadda ake gaya wa mai ruɗewa abin da zai kwantar masa da rai, kuma ya ɗauka abin da muke yi masa ke nan. A masauki bai ci abinci ba.

Washegari an shirya mana babbar kasuwa da wani ƙauye da aka gina a kan ruwa. Na ce babu inda za mu. Na nemo shofer ɗin nan, ya nuna mana wani tudu a bayan wurin ajiye motoci inda ake hango cikin tashar ta saman katanga. Na shimfiɗa wa Baba ɗankwalina, muka zauna. Ga jan abin nan a kwance a kan wani jirgi mai girman unguwa, yana ɗauko akwatunan ƙarfe ɗaya bayan ɗaya. Baba ya ce wannan gada ce, ba ita ba ce. Na ce mu dai jira. Rana ta take, na sayo mana biredi da ruwa, masu wucewa suna kallonmu. Tsorona a ranar shi ne kada jirgin ya ƙi tashi sai bayan mun tafi, in koma da Baba gida da wannan abu a ransa. Na yi ta addu'a a kan jirgin da ban san mai shi ba.

Bayan azahar aka yi wata ƙara mai tsawo. Jirgin ya fara ja da baya daga gaɓa. Sai hannun nan ya motsa, a hankali, a hankali, bakinsa yana barin ruwa yana hawa, har ya miƙe ya tsaya cak, ja, siriri a sama, da ƙarafansa a jiki. Ban kalle shi sosai ba, Baba nake kallo. Ya miƙe tsaye, ya sa hannu ya kare rana, ya bi abin da ido daga sama har inda ya lanƙwashe. Ya daɗe. Sannan ya ja amawalinsa ya rufe baki.

"Ashe maɗauri gare ta," ya ce. "Kamar murfin akwati. To wane irin mutane ne za su kafa gari a gindin abin da ke da maɗauri?"

Duk hanyar komawa masauki yana zagin maƙeran da suka yi ta, yana kuma yaba waldar. Ya tuna mini da butelinsa, muka koma bakin teku, ni da kaina na shiga har idon sawu na cika masa, ina salati. Da muka dawo Agadas ƙannena suka tambayi gwiwata, na ce a tasha na faɗi. Ba su ji komai ba, daga ni har shi. Bayan nan mun je Maradi, mun je Wagadugu, kuma a kowane gari in ya zaɓi hasumiya sai na sami ɗan gari na tambaye shi ko tana motsi. Dariya suke mini, ban damu ba.

Shekaru sun wuce yanzu. Ruwan butelin ya ragu, gishiri ya kwanta a gindinsa. Bara Baba ya fara kiran sunana, gatsal, a gaban mutane, ranar da ya fara na shiga ɗaki na rufe ƙofa, don na san abin da ya zo. Ƙannena sun kawo kwaɗon, na jefa shi a rijiya, na ce duk wanda ya sake kawo wani zai bi shi. Suna cewa wata rana zai ɓace. Ina jin tsoron haka fiye da su, kullum ya fita sai in yi ta leƙen ƙofa har ya dawo. Amma ya manta sunayen jikokinsa bai manta dokar ba, wuri biyu kawai nake nemansa, gindin hasumiya ko gindin katanga.

Shekaranjiya ya wuce lokacin dawowarsa. Na je masallaci ba ya nan. Na bi lunguna ina duba ƙasa, na same shi a bayan gidan masu jima, ya jingina da katanga, amawali a zame. Sama tas, babu hadari ko kaɗan, hasumiya tana tsaye a saman kansa, inuwarta ma ta kusa taɓa ƙafarsa. Ya ɗago ya kira sunana, ya tambaye ni ko ni ma na ga ta kwanta.

Na ajiye takalmina na zauna kusa da shi, na jingina bayana da katangar.

"Na gani, Baba," na ce. "Mu jira su ɗaga ta."